Shin 'yan kansul na da ikon karɓar haraji a kan waya da intanet?

Wani ɗan'uwa mai rumfar cajin waya da sayar da data a nan Legas ya tare ni bayan La'asar da rasit biyu a hannu. Ɗaya na kuɗin shago ne. Ɗayan an rubuta rediyo da talabijin, amma wanda ya kawo ya ce har da intanet ɗin da yake raba wa maƙwabta. "Malam, wannan a doka yake?" in ji shi. Tambayar tana yawo daga Agege har Mile 12, shi ya sa na ga ya dace a warware ta.

Ƙaramar hukuma za ta iya ɗora haraji a kan kira ko data?

A'a. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar gidan waya da tarho cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke kula da kamfanonin waya a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Harajin da ke cikin katin da ka saya shi ne VAT, wato harajin sayen kaya, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, kuma hukumar tarayya ke karɓa. Akwai wani kashi 5 da aka so ƙarawa, Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a Yulin 2023.

To me ƙaramar hukuma take da ikon karɓa daga mai rumfa?

Nan ne ake yawan rikicewa. Jadawali na huɗu na kundin ya ba ta kula da shaguna da rumfuna, kasuwanni, tashoshin mota, allunan talla, da lasisin rediyo da talabijin. Dokar 1998 da ta rarraba haraji tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ita ma ta jera su. Ke nan rasit na farko yana da gindin zama. Na biyun ma yana da shi idan akwai talabijin a rumfar, kuma akwai, don a nan samari ke taruwa kallon ƙwallo. Amma na'urar intanet ba rediyo ba ce. Wanda ya cusa ta ciki ya yi ƙari ne da bakinsa, kuma a ganina ya san abin da yake yi, tunda bai rubuta a takarda ba.

Dogayen ƙarafan sabis da wayoyin da ake binnewa fa?

A Legas jiha ce ta riƙe wannan, ta hannun hukumar LASIMRA, mai ba da izinin haƙa titi da kafa ƙarfe. Kuɗin gine-gine ma tun 2001 jihar ta haɗe shi cikin harajin amfani da ƙasa, ita ke karɓa. Gwamnoni sun taɓa amincewa da naira 145 a kowace mita ta wayar intanet da aka binne, sai dai ba duka jihohi suka tsaya a kai ba. A 2024 kuma an ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare.

Idan kamfani aka caza, ina ruwana?

Kamfani ba ya biya daga aljihunsa. Yawan haraji na cikin kukan da suka daɗe suna yi, tare da tsadar man dizal da faɗuwar naira, kafin NCC ta yarda su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

In sun sake zuwa, me zan yi?

Ka nemi takardar da ke ɗauke da sunan harajin da hatimin hukuma. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, saboda haka ka duba ko sunan da ke kai na inda rumfarka take ne. Ka biya ta banki, kada ka miƙa a hannu. In abin ya ƙi, ka ɗauki shugaban kasuwarku ko wakilin Sarkin Hausawa ku je sakatariya da rasit ɗin duka biyu.