Harsasan Ragowar Yuraniyom da Illarsu ga Lafiya

Harsasan ragowar yuraniyom makamai ne da ake ƙerawa domin huda sulken tankokin yaƙi da sauran motocin soja, kuma zuciyar kowane harsashi wani tsinken ƙarfe ne na yuraniyom ɗin da ya saura bayan an tace shi. Ba sa cikin makaman nukiliya, domin ba sa yin irin fashewar bam ɗin nukiliya. Ɓarnarsu tana fitowa ne daga nauyinsu da gudunsu da kuma wutar da ke kamawa idan sun daki ƙarfe. Sai dai ƙarfen guba ne, yana kuma fitar da tururin nukiliya ko da kaɗan ne, shi ya sa tun daga yaƙin Tekun Fasha na 1991 ake jayayya a kan abin da yake bari a jikin sojoji, da jikin mutanen da za su ci gaba da noma da kiwo da shan ruwa a wuraren da aka harba shi.

Asalin ƙarfen da dalilin zaɓensa

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, irin na Arlit a arewacin Nijar ko na Kanada da Kazakistan, gauraye yake. Kusan kashi 99.3 cikin 100 nau'in da ake kira yuraniyom-238 ne, yayin da yuraniyom-235, wanda shi ne tashoshin lantarki na nukiliya da masu haɗa bam suke nema, bai wuce kashi 0.7 ba. A masana'antun tacewa ana tattara wannan ɗan kaɗan ɗin gefe guda, sai a bar tulin da yuraniyom-235 ɗinsa ya ragu zuwa kashi 0.2 ko 0.3. Wannan tulin shi ne ragowar yuraniyom, kamar dusar da ke saura bayan an surfa hatsi, kuma ƙasashen da suka daɗe suna tacewa, irin su Amurka da Rasha da Faransa, sun tara dubban ɗaruruwan tan nasa.

Abin da ya ja hankalin maƙeran makamai shi ne nauyinsa. Mazubin da ke cin lita 1 na ruwa, wato kilo 1, idan aka cika shi da dalma zai kai kilo 11 da ɗoriya, idan kuwa da yuraniyom aka cika shi zai kai kilo 19. Ƙarfen tungistin ma yana da irin wannan nauyi, amma idan ya daki sulke bakinsa yakan dakushe ya baje, shi kuwa yuraniyom gefen bakinsa ne ke ɓarewa yana tafiya, sai ya riƙa wasa kansa yana ƙara tsini har ya ɓulla ciki. Burbushin da ya ɓare yana kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska, ya kunna man motar da albarusan da ke cikinta. Jirgin yaƙin Amurka samfurin A-10 yana harba harsasai masu kaurin milimita 30, kowanne ɗauke da kimanin giram 300 na wannan ƙarfe, tankar Abrams kuma tana harba masu milimita 120 da ke ɗauke da wajen kilo 4 ko fiye.

A 1991 an harba kimanin tan 300 a Kuwait da kudancin Iraƙi. Jiragen ƙawancen NATO sun harba harsasai kusan 10,800 a Bosniya a 1994 da 1995, da wasu kimanin 31,000 a yaƙin Kosobo na 1999. An sake amfani da su a Iraƙi a 2003, kuma Amurka ta amsa cewa a watan Nuwamban 2015 ta harba fiye da 5,000 a kan tankokin dakon mai na ƙungiyar IS a Siriya.

Yadda yake taɓa jikin mutum

Tururin da ragowar yuraniyom ke fitarwa ya kai kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda yuraniyom ɗin asali ke fitarwa, kuma yuraniyom-238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai. Wannan tsawon lokaci yana da fuska biyu: ƙarfen yana sakin tururinsa a hankali ƙwarai, amma kuma ba ya gushewa daga inda ya faɗa sai an kwashe shi ko ruwa ya tafi da shi. Mafi yawan abin da yake fitarwa ƙwayoyin alfa ne, waɗanda takarda ɗaya ko mataccen saman fatar mutum ke iya tarewa. Akwai ƙwayoyin bita da ɗan hasken gama da ke fitowa daga sinadaran da yake rikiɗewa zuwa gare su, saboda haka wanda ya riƙe tsinken a hannu, ko ya ajiye shi a aljihu, ko ya rataya shi a wuya na tsawon lokaci, fatarsa za ta sha tururi mai yawa a daidai wurin. Wanda ya wuce ta kusa da ƙonanniyar tanka kawai, abin da zai same shi daga waje ƙalilan ne idan aka gwada da milisibat 2.4 (ma'aunin tururin da jiki ya sha) da matsakaicin mutum yake samu kowace shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama.

Magana tana canzawa idan ƙarfen ya shiga cikin jiki. Lokacin da harsashi ya daki sulke ya kama wuta, wani kaso nasa yana komawa baƙar ƙura mai laushi, wadda ke lulluɓe cikin motar da kewayenta, wani ɓangare kuma iska ta ɗauka. Ƙwayoyin ƙurar da suka fi ƙanƙanta suna wucewa har can cikin huhu, kuma waɗanda ba sa narkewa cikin ruwan jiki suna iya zama a huhun da kaluluwar ƙirji shekara da shekaru. A can babu fatar da za ta tare alfa, don haka ƙwayoyin halittar da ke maƙwabtaka da ƙurar su ne ke shan bugu kai tsaye. Wannan ita ce hanyar da masana suka fi tsoron za ta kai ga sankarar huhu.

Duk da haka, gaɓar da aka fi sa wa ido ita ce ƙoda, kuma dalilin guba ce irin ta ƙarafa masu nauyi kamar dalma, ba tururi ba. Yuraniyom ɗin da ya narke ya shiga jini, ƙoda ce ke tace shi. Kimanin kashi 70 cikin 100 yana fita ta fitsari a cikin yini guda, amma idan ya yi yawa yana lalata siraran bututun ƙodar, wani kaso kuma yana maƙalewa a ƙashi. Wanda ya haɗiye shi a abinci ko ruwa, kusan duka yana fita ta bayan gida, kaɗan ne hanji ke tsotsa. Yana da kyau a sani cewa kowane ɗan Adam yana ɗauke da ɗan yuraniyom, kimanin maikirogiram 90 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), daga abinci da ruwa na yau da kullum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya maikirogiram 30 a lita a matsayin iyakar da ake so a ruwan sha. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike sun nuna cewa ƙarfen yana iya ɓata ƙwayoyin gado, yana kuma ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi.

Abin da bincike ya gano a jikin mutane

Mutanen da aka fi bin diddigin lafiyarsu su ne sojojin Amurka da 'yan'uwansu suka harba bisa kuskure a 1991, inda harsasan yuraniyom suka faɗa wa motocinsu kimanin 20. Tun farkon shekarun 1990 asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimore yake duba wasu daga cikinsu lokaci zuwa lokaci. Waɗanda ɓarɓashin ƙarfen ya maƙale a namansu suna ci gaba da fitar da yuraniyom mai yawa a fitsari bayan shekaru, amma likitocin ba su ga babbar illar ƙoda ko wata cuta da za a jingina wa ƙarfen ba. Adadinsu gommai ne kawai, kuma dukkansu maza ne da suka shiga soja da cikakkiyar lafiya, saboda haka sakamakon bai isa a yi wa yara da mata masu ciki hukunci da shi ba.

Ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, ta fitar da rahotanni biyu a 2001 da 2002. Ta ce ga mafi yawan sojojin da ke fagen daga ƙarin haɗarin sankara ƙanƙane ne, amma wanda yake cikin motar da aka harba, ko wanda ya daɗe yana aiki a cikinta ba tare da kariya ba, haɗarin sankarar huhunsa na iya ninkawa a mafi munin hali, ƙodarsa kuma na iya samun mummunan rauni. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya auna fitsarin tsofaffin sojojin Amurka masu fama da ciwon da ake kira ciwon yaƙin Tekun Fasha, bai sami alamar ragowar yuraniyom a jikinsu ba. A Italiya kuwa, inda mutuwar wasu sojojin da suka dawo daga yankin Balkan, inda Bosniya da Kosobo suke, da sankarar jini ta tayar da hankali a 2000 da 2001, kwamitin gwamnati ya sami ƙaruwar sankarar kaluluwa ta Hodgkin a cikinsu ba tare da ya tabbatar da musabbabinta ba, kotuna kuma sun ba iyalai da dama diyya.

Iraƙi ce ta fi kowa shan wannan ƙarfe, kuma ita ce ta fi ƙarancin binciken da ya dace da girman abin. Likitoci a Basra sun ba da rahoton ƙaruwar sankarar jini a yara da haihuwar jarirai masu nakasa tun daga shekarun 1990, daga baya aka ji irin wannan kuka daga Falluja. Yaƙi da takunkumi sun rusa rajistar masu cutar daji, sun kawo yunwa da hayaƙin rijiyoyin mai da gurɓatar wasu ƙarafa, wanda ya sa rarrabe rabon yuraniyom a cikin waɗannan cututtuka ya zama aiki mai wuya. A 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Iraƙi, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da taƙaitaccen sakamakon wani bincike da ya ce babu hujja bayyananniya ta yawan nakasar haihuwa fiye da kima, masana da dama kuma suka soki yadda aka gudanar da shi, musamman dogaronsa ga abin da iyaye mata suka tuna maimakon takardun asibiti. Rashin gano illa a inda ba a auna da kyau ba, bai kamata a ɗauke shi a matsayin shaidar lafiya ba.

Abin da ke saura a ƙasa

Mafi yawan harsasan da jiragen sama ke harbawa ba sa samun abin da aka auna, sai su nutse cikin ƙasa su yi ta tsatsa, suna fitar da wani gari mai launin rawaya da ruwa ke iya narkarwa. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ziyarci wurare 11 daga cikin 112 da NATO ta bayyana a Kosobo a watan Nuwamban 2000. Ta tarar gurɓatar ta tsaya ne a kusa da inda harsasan suka faɗa, ta kuma gano alamun yuraniyom-236 da fulutoniyom ƙalilan a jikin tsinkayen, shaidar cewa wani ɓangare na ƙarfen ya taɓa ratsa tukunyar nukiliya. A rahotonta na Bosniya na 2003 ta sami ragowar yuraniyom a ruwan ƙarƙashin ƙasa da cikin iskar wasu gine-gine, shekaru 7 bayan harin, ko da yake adadin ƙasa yake da na haɗari, ta kuma lura cewa tsinkayen da ke binne sun riga sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Shawararta ita ce a tsince su, a killace wuraren, a riƙa auna ruwan rijiyoyi.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗari a irin waɗannan wurare su ne yara da ke hawa ƙonannun tankoki suna wasa, hannu a ƙura sannan a baki, da masu sana'ar tsofaffin ƙarafa da ke yanka gawar tanka da wutar walda ba tare da abin rufe hanci ba, su kai ta kasuwa a narkar. Babu wata yarjejeniyar duniya da ta haramta waɗannan harsasai, ko ta tilasta wa wanda ya harba su ya share wurin. Beljiyam ta kafa dokar haramta su a 2007, Kosta Rika ta bi sahu a 2011, kuma tun daga 2007 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yake zartar da ƙudurori a kan batun, har da kiran ƙasashen da suka yi amfani da su su bayyana wuraren da suka harba da adadin da suka harba; Amurka da Birtaniya da Faransa da Isra'ila ne suka saba kaɗa ƙuri'ar ƙi. A watan Maris na 2023 Birtaniya ta sanar da ba Yukren irin waɗannan harsasai tare da tankokin Challenger 2, Amurka kuma ta sanar da nata na tankokin Abrams a watan Satumban shekarar.