Ka soke ishtirakin dish, to ina risibar? Abin da dokar haya ta Saudiyya ta ce

Wani ƙanen matata da ke zaune a Karantina, nan Jidda, ya shigo mini bayan sallar isha riƙe da waya, fuska a murtuke. "Yaya, duba mini wannan saƙon. Ni da na soke ishtirakina tun kafin azumi, yau kuma wai suna bina kuɗi." Na karɓa na karanta. Ba kuɗin kallo suke nema ba, kuɗin risiba ne. Na ce ina take? Ya ce tana saman kwaba, a nannaɗe cikin tsohon zani, yana jiran mai tafiya Kano ya kai wa Inna. A lissafinsa, tunda ya shekara biyu yana biya duk wata, akwatin ya zama nasa.

Bai zama nasa ba, kuma wannan kuskuren ya ci mutanenmu da yawa daga Shara Mansur ta Makka har Madina. Soke ishtiraki, wato rajistar kallo da ake biya duk wata, daban, mayar da kaya daban. Sokewa tana tsayar da kuɗin wata. Mayar da kaya ita ke rufe akadin, wato yarjejeniyarka da kamfani, gaba ɗaya.

Kafin komai, sai ka san yadda risibar ta shigo ɗakinka. Wani sayenta ya yi da kuɗinsa a kanti, wannan tasa ce, ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya kai haraj, wato kasuwar gwanjo. Wani an ba shi ne a kan biya kaɗan-kaɗan cikin fatura, wato takardar kuɗin wata, tare da alkawarin zama shekara ɗaya ko biyu, ita ma za ta zama tasa in ya gama biya, in kuma ya fita kafin lokaci zai biya ragowar. Wani kuwa haya aka ba shi ko aro, kayan na kamfani ne tun ranar farko har ranar ƙarshe. Amsar tana cikin takardar da ka sa wa hannu, ko sharuɗɗan da ka danna "muwafiƙ", wato na yarda, a kansu a waya. Nemi kalmar bai'i (sayarwa), ko ijara (haya), ko i'ara (aro), ko inda aka ce na'urar mallakin kamfani ce. Kada kalmar "kyauta" da mai talla ya faɗa maka a bakin kanti ta ruɗe ka. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba za ka biya komai yau ba.

Dokar da ke hukunci a nan ita ce Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, wato dokar mu'amalar jama'a, wadda aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/191 a watan Yunin 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Disamban 2023. Sassa 721 gare ta, kuma wanda ya taɓa zama a zaure ya ji babin ijara ba zai ji baƙon abu ba. Ta ce idan haya ta ƙare, mai haya zai mayar da abin a yanayin da ya karɓe shi, ban da tsufan da amfani na al'ada ke jawowa. Rimot ɗin da lambobinsa suka goge saboda yatsun yara, ko akwatin da launinsa ya koɗe, ba laifinka ba ne. Amma risibar da aka zuba wa shayi, ko wadda aka kai wa mai gyara ya kwance ta don ya buɗe tashoshin da ba a biya ba, wannan sakaci ne ko wuce gona da iri, kuma kai za ka ɗauka.

Inda ƙanen nawa ya faɗa shi ne hukunci na gaba. Wanda ya ci gaba da riƙe abin haya bayan wa'adi ba tare da haƙƙi ba, doka ta ɗora masa ujratul misli, wato kuɗin hayar irin wannan abu na tsawon kwanakin da ya riƙe, kuma mai kaya na iya neman diyya a kan haka in ya yi asara. Ko da ba ka kunna ta sau ɗaya ba, kasancewarta a hannunka ta isa. Haka nan mai haya ba ya ba wani haya ko ya miƙa masa akadin sai da izinin mai kaya. To ina ga wanda ya sa ta a jaka ta haye Bahar Maliya?

Sai dai dokar ba ta kamfani kaɗai ba ce, kuma wannan ɓangaren ne nake so mutanenmu su riƙe da kyau, don mun cika saurin biya saboda tsoro. Yawancin akadi na ɗauke da sharɗul jaza'i, tarar da aka yanke tun farko ga wanda bai mayar da kaya ba. Doka ta yarda da ita, amma ta ba kotu ikon rage ta idan ka nuna an zuzuta kuɗin, ko ka cika wani sashe na alkawarin. In ka mayar da risiba da kati, wayar jonawa ɗaya ce ta ɓata, ba daidai ba ne a caje ka kamar ba ka kawo komai ba. Kuma irin wannan akadi da kamfani ke rubutawa shi kaɗai, kai naka sa hannu, doka na kiransa aƙdul iz'an, ta kuma ce kotu na iya gyara sharaɗin zalunci da ke ciki ko ta yafe maka shi.

Duk wannan haƙƙi ba ya tsayawa sai da shaida. Ranar da ka soke, karɓi lambar buƙatar, ka ajiye saƙon. Tambaye su dalla-dalla me za a mayar, ina za a kai, kuma cikin kwana nawa, domin kowane kamfani da nasa wa'adin. Tambayi batun farantin dish da ke saman rufi, kada ka hau ka kwance da kanka kafin ka ji. Juya risibar ka ɗauki hoton lambar da ke manne a ƙasanta, haka ma lambar katin. Katin nan shi aka fi mantawa, ɗan siriri ne, yana maƙale a gefe. In mandubi ne, wato wakilin kamfani, ya zo karɓa, kada ya sauka daga bene sai ya ba ka sanadi, wato takardar shaidar karɓa, mai kwanan wata da lambar na'urar. "Halas, ya Hajji, ba matsala" ba takarda ba ce.

In sun ci gaba da bin ka bayan ka mayar, fara shigar da ƙorafi a wurinsu, ka riƙe lambarsa. Idan talabijin ɗin cikin kunshin intanet na kamfanin sadarwa yake, kuma kwana 5 suka wuce ba a warware ba, kana iya ɗaga ƙorafin zuwa hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda a da ake kira CITC, yanzu CST. Ma'aikatar kasuwanci kuma na karɓar koken masu saye a lamba 1900. Kada ka yi shiru kana jiran su gaji, domin bashin da ba a biya ba na iya kaiwa ga Simah, inda bankuna da kamfanonin waya ke duba tarihin mutum kafin su ba shi wani abu.

Akwai wani abu da ya fi damuna. Da yawa cikinmu muna ba ɗan'uwa sunanmu ya yi ishtiraki, saboda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko ba shi da ita. Zumunci ne, ban ce a daina ba. Amma kamfani bai san wanda ke kallo ba, sunan da ke kan akadi ya sani. In ɗan'uwan ya tashi daga shiggar, wato gidan hayar, ko aka yi masa huruj, wato aka fitar da shi daga ƙasar, ya bar risiba a ɗaki mai gida ya kwashe, kai za a nema. Wanda ya ara wa wani suna, ya ajiye kwafin akadin da hoton lambar na'urar a wayarsa, kuma ranar tashi ya je da ƙafarsa ya ɗauko kayan.

Washegari muka sauko da risibar daga saman kwaba. Katin yana ciki, adafta kuwa sai da muka kwashe kayan ƙarƙashin gado kafin ta fito. Ya kai ofishinsu bayan la'asar, ya biya abin da ya hau kansa na jinkiri, suka cire kuɗin na'urar daga faturar. Inna kuma ya saya mata wata sabuwa a kasuwa, da rasit ɗinta a cikin kwali.