Mece ce "juriya" a bakin masu nazarin halayyar yara?

A Katsina idan aka ce yaro yana da juriya, hankali kan tafi ga wanda aka yi wa allura bai yi kuka ba, ko almajirin da ya kwana a zaure da hunturu bai ce uffan ba. Wannan dauriya ce. Juriyar da ma'aikatan agaji ke yawan ambata tun da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya daban take. Ita ce yadda yaro ke farfaɗowa bayan masifa, barcinsa ya dawo, ya koma wasa da karatu, da kuma abubuwan da ya samu a kusa da shi da suka tallafe shi.

Wata masaniya 'yar Amurka, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka girma. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Abin da ya yi ta fitowa a labarinsu shi ne wani babba da ya tsaya musu, kaka ko malami ko maƙwabci.

To da wane mudu ake awon wannan? Michael Ungar da Linda Liebenberg na Jami'ar Dalhousie a Kanada sun lura cewa yawancin ma'aunan da ake da su an yanka su ne daidai rayuwar Turawa. Sai suka yi aiki da al'ummomi 14 a ƙasashe 11, ciki har da Gambiya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, suka fitar da ma'aunin juriyar yara da matasa, CYRM a taƙaice. Tambayoyi 58 ne da farko, aka tace suka koma 28. Akwai mai tambayar ko yaro na samun abinci idan ya ji yunwa, da mai tambayar ko hankalinsa na kwanciya idan yana tare da danginsa.

Akwai kuma wadda ke tambayar ko yana faɗa wa mutanen gidansu abin da ke ransa, kuma a nan nake ganin gizo ke saƙa. Ɗauki yarinya 'yar shekara 12 da aka dawo da ita gidan goggonta a unguwar Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Baƙo namiji ya zauna gabanta da takarda. Kanta a sunkuye, tana murza bakin hijabi, duk abin da ya tambaya amsar ɗaya ce: "Lafiya lau." Idan 'yar fari ce, uwarta ma ba ta kama sunanta saboda kunya, balle su zauna hirar zuci. Mai cike takarda zai ba ta maki kaɗan, alhali kullum da daddare tana kwance jikin kakarta tana amayar da komai. Can kuma yaron da tsoro ya ɗaure wa baki sai a yaba masa da haƙuri.

Su kansu masu ma'aunin sun ce a zauna da mutanen gari kafin a fara, a duba fassara, a ƙara tambayoyin da suka dace da wurin. Da ni aka tambaya, zan ce mace ta yi wa yarinyar tambayoyin, a tsakar gida, ta fara da wa ke yi mata kitso, da ko ta koma Islamiyya, da wa take nema idan ta farka a firgice cikin dare.