Ma'anar "cursive": ba kowane rubutun hannu ba ne

Tun da jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2023 cewa a koya wa ɗaliban aji 1 zuwa 6 "cursive", wato rubutun haɗe haruffa, kalmar ta cika kafafen labarai. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake fassara ta da "rubutun hannu" kawai. Haka aka yi wa Finland a 2016, aka yi ta yayata wai ta soke rubutu da alƙalami, alhali yaran can suna rubuta haruffa rarrabe har gobe. Tilascin koyon haɗa su kaɗai aka cire.

Asalin kalmar daga Latin ne, "currere", wato gudu. Rubutun haɗe ke nan: alƙalami ya zarce daga harafi zuwa harafi ba a ɗaga shi ba sai kalma ta ƙare, sannan a dawo a ɗiga wa "i" ɗigonta, a gitta wa "t" sandarta. Ba ado ake nema ba. A zamanin alƙalamin gashin tsuntsu, yawan ɗagawa da saukewa kan jawo ɗigar tawada, shi ya sa aka haɗe.

Wahalar tana wurin mahaɗa. Haruffa irin su a, n, d suna ƙarewa a kan layi, jelarsu ta hau a karkace zuwa na gaba. Amma o da w daga sama suke miƙa hannu. Yaron da ba a nuna masa wannan bambanci ba zai sauko da jelar "o" ƙasa, sai ta rikiɗe ta zama "a": ya rubuta "koma", malami ya karanta "kama". Sau da yawa a ce yaron bai iya rubutu ba, alhali mahaɗa guda ce ta kuɓuce masa. Biro ma na ƙara matsalar, domin sai an danna shi, hannu ya sanƙare.

Ni ina ganin a koyar da rubutun haɗe, amma sai yaro ya ƙware a haruffa rarrabe tukuna. Minti 10 zuwa 15 kullum sun isa, ana bin haruffa rukuni-rukuni gwargwadon inda jelarsu ke fita, ba daga a zuwa z ba. Wanda bai taɓa haɗa harafi da hannunsa ba, da ƙyar yake karanta tsohuwar wasiƙar da aka rubuta a haɗe.