Mai niyyar barin sigari a sabuwar shekara, tsaya ka ji

Assalamu alaikum jama'ar Birnin Kebbi da kewaye. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma duk ƙarshen Disamba magana ɗaya nake ji a bakin samari, "wallahi daga 1 ga Janairu na bar sigari." Allah Ya cika niyya, amma kafin sati biyu sai ka gan shi wajen mai shayi da kara a hannu yana kau da kai don kar ku haɗa ido. Abin yana damuna, don da yawansu da gaske suke, shiri ne kawai babu.

Ɗan uwa, nikotin da ke cikin taba cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa jiki ke sabawa da shi. Ranar da ka daina za ka ji haushi ba dalili, kai na sarawa, barci ya ƙi, ga yunwa, matarka ta yi maka magana kaɗan ka hau ta da faɗa. Kwana 3 na farko zuwa sati ɗaya su ne masu wuya, daga sati 2 zuwa 4 abin yana lafawa sosai. Kuma ƙwaɗayin nan in ya taso 'yan mintuna yake yi ya wuce, in ka iya tashi ka sha ruwa, ka yi alwala, ka ɗauki asuwaki ko ka ɓare gyaɗa, kafin ka gama ya sauka.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, sigari tana da wurinta da lokacinta. Wani bayan tuwon dare ne, wani in ya sauke fasinja a tasha ya jingina kabu-kabunsa, wani kuma a fadama in an tashi daga ban ruwan shinkafa an zauna ƙarƙashin inuwa. Mafi yawa dai majalisa ce, kana zama aboki ya miƙo maka wuta tun ba ka tambaya ba, to ta yaya rantsuwa za ta yi aiki a nan? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka zauna ka gano lokutanka da kanka, sannan ka canza su na wata ɗaya ko da za a ce ka yi girman kai. Sha shayinka a gida, ashana da laita su bar aljihunka, ka gaya ma mai tebur na unguwa kar ya ƙara ba ka bashin kara. Dama dokar hana taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara da kuma sayar ma yaro ƙasa da shekara 18, mu ne dai muka yi biris.

Mai cewa ba zai iya ba, ka tuna da azumi, tun asuba har magariba ba ka kunna ko ɗaya wata guda cur.

Shisha ma taba ce, ruwan nan ba ya tace gubar, kar wani ya ruɗe ka da ƙamshin tuffa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awa 12 da dainawa iskar guba da ke cikin jini tana komawa daidai, cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha. Ga kuma yara, lokacin hunturu ana rufe ƙofa da taga, mutum ya busa hayaƙi a ɗakin da jariri ke kwance, gobe uwa ta kawo shi asibiti ƙirji na fito, ita ba ta taɓa shan taba ba balle shi. Wannan ne ke ƙona min rai wallahi.

In ka zame ka sha ɗaya, kar ka ce shi kenan sai baɗi, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya. In kuma kana da tarin da ya wuce sati 2, ko rama, ko zufar dare, kar ka ce ai na sigari ne, zo a gwada majinarka don tarin fuka, gwaji da magani duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.