Ba Kowane Wabi Ne Aikin Maita Ba

A ƙauyukan Ringim da Gumel, idan jariran mace suna rasuwa bi da bi, sai a ce wabi take yi, a ɗora wa mayu ko nononta. Galibi zazzaɓin cizon sauro ne ko sikila. Amma akwai wani ciwon gado da ba safai ake tunawa da shi ba, wato raunin garkuwar jiki.

Ƙwayoyin garkuwa suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, saitokin. Saƙon yana sauka a kan wani makarɓi da ke jikin ƙwaya ta waje, sinadarin JAK3 da ke cikinta ya miƙa shi ga wani sinadarin, STAT5, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ƙwayoyin gadon da ke sa masu yaƙi da cuta su girma. Idan makarɓin saƙon ya lalace, shi ke nan, ba abin da zai kunnu. A 1993 aka gano wannan lahani na IL2RG, wato ƙwayar gadon da ke samar da wani sashe na makarɓin. Uwa lafiyayya ce ke ɗauke da shi, 'ya'ya maza yake kamawa. Na JAK3 kuwa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, abin da auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Jaririn da gudawa, ciwon huhu da farin baki suka ƙi sakinsa, yana iya zama wannan ciwon ne, asibitin koyarwa na Aminu Kano za a kai shi. Dashen ɓargo na iya warkar da ciwon.