Me mai duba aji yake dubawa? Tambayoyi da amsoshi

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, kuma tun daga lokacin ake maganar cika makarantu da yara. Abin da ke faruwa bayan yaron ya shiga aji ya zauna, shi ne ba a cika tambaya ba. Duba aji a lokacin darasi ita ce hanyar sani.

Duba aji ba neman laifin malami ba ne?

Malamai da yawa haka suka ɗauke shi, kuma suna da dalili. Sun saba da jami'in da zai zo ya buɗe rajista, ya leƙa littafin shirin darasi, ya sa hannu ya tafi. Wanda ya yi koyarwar gwaji daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma maki yake tunawa da faɗuwar gaba. Amma amfanin dubawar daban yake. Malamin da ya juya yana rubutu a allo ba ya ganin abin da benci na baya ke yi. Mai dubawa shi ke gane masa.

To ina ya kamata ya sa ido?

Kan yara, fiye da kan malami. Ya zauna a baya, ya zana tsarin ajin a takarda, duk yaron da aka tambaya ya yi masa alama. Kafin a buga ƙararrawa zai ga inda alamomin suka taru: galibi benci biyu na gaba, da 'yan masu ɗaga hannu da aka saba kira. A ajin da aka haɗa maza da mata, ya lura ko 'yan matan sun buɗe baki.

Ya kuma ƙirga wa ke magana. Wani masani ɗan Amurka, Ned Flanders, ya tsara hanyar rubuta abin da ke gudana a aji duk bayan daƙiƙa 3, ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na maganar aji ta malami ce. Ba sai an bi tsarinsa duka ba. Agogon waya da biro sun isa.

Ajin da yara ke amsawa baki ɗaya da ƙarfi, ba shi ne mai rai ba?

Nan ake yawan ruɗuwa. Malam ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka "Eee, mun gane!" har ana ji daga ofishin hedimasta. Ya karanta jimla, su maimaita. A cikin wannan amon, yaro biyar ne ke karatu, sauran suna bin bakinsu. Gwajin mai sauƙi ne: a nuna wa yaro ɗaya kalma daga tsakiyar layi, ba daga farko ba, ko a rufe hoton da ke shafin. Nan take za a san wa ya iya karatu, wa ya haddace waƙa.

Ba raina maimaitawa nake ba, tana da wurinta, a haddar jadawalin sau da makamantansa. Ko a makarantar allo, inda kowa ke ɗaga murya, malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya zo gabansa ya biya shi kaɗai. Wannan matakin ne ake tsallakewa a azuzuwan boko da yawa.

Ta yaya yara za su yi aiki da kansu a aji mai cunkoso, ba kayan aiki?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san azuzuwa da yawa sun ninka haka. Duk da hakan akwai abin yi. Wata masaniya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Idan aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi na ƙara tsawo, yara masu kunya ma na shigowa. Wannan ba ya cin ko sisi. Haka a ce kowa ya juya ga na kusa da shi su tattauna kafin a kira ɗaya.

A lissafin aji biyu, marafan kwalba da ƙwallon dabino na koyar da tarawa da ɗebewa. A sakandare, a kafa sanda a filin makaranta a auna inuwarta da safe da kuma tsakar rana, rana dai ba ta yi mana ƙaranci ba. Ko a tambaye su me ya sa ruwan randa ke sanyi a watan Afrilu, a bar su su yi gardama kafin a kawo bayanin yadda ruwan da ke tsatsafowa ke bushewa ya tafi da zafi. Shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a Sakkwato da Bauchi, ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa don yaro ya iya magana kan abin da ya karanta.

Idan aji ya cika da surutu fa?

Mai dubawa ya matsa kusa ya saurara. In kan aikin suke magana, ba laifi.

Me ake yi bayan darasi?

A keɓe, ba gaban ɗalibai ba. A fara tambayar malamin yadda shi ya ga darasin, sannan a nuna masa takardar: "Malam, tambaya tara ka yi, bakwai sun tafi benci na gaba." Wannan ya fi a ce masa bai ƙoƙarta ba. A tsayar da abu ɗaya da zai gyara, a sa ranar dawowa. Kuma tunda kowa na shirya darasi na musamman ranar da ya san za a zo, a karɓi littattafan aikin yara uku ko huɗu daga benci na baya, a duba kwanan watan da aka yi musu gyara na ƙarshe.